Daga beruwa zuwa dakuwa: abin taɓawa na gida da ba ya buƙatar nama, ƙwai ko madara

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya daga Yamai zuwa Ƙwanni ya san abin da ke faruwa idan mota ta tsaya a Dogon Dutsi ko Kore Mairuwa. Kafin direba ya kashe mota, ƴan mata sun kewaye tagogi da farantai a ka: soyayyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen kwaruru, kwaɗon zogale, awara da yaji, rake idan lokacinsa ne. In ka cire mai tsire da mai dafaffen ƙwai da mai fura da nono, kusan duk abin da ke kan farantan nan daga gona ya fito ko daga daji.

A Turai irin wannan ci yana da ƙungiyoyi da kantuna. Tun a 1944 wani ɗan Ingila mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, wato nama da kifi da ƙwai da madara, har da zuma. Yau manyan kantunan Faransa da Jamus suna ware wuri guda don kayan ƙwalamar irin waɗannan mutane, kuma da tsada ake sayar da su. Abin da zai ba Ba'are dariya shi ne in ya karanta abin da aka rubuta a bayan ledar: gyaɗa, riɗi, wake, dabino, garin kuka. Garin ƴaƴan kukar ma sai a 2008 Tarayyar Turai ta yarda a riƙa sayar da shi a kasuwanninta. Aya kuwa, wadda mutanen Balansiya a ƙasar Sifaniya ke yin wani abin sha da ita mai kama da kununmu, wani kaso nata daga Nijar ake ɗaukarsa.

Mu a nan ba aƙida ce ta sa ba. Nama na da tsada, madara ba ta jure zafi, ƙasar Dallol Mawri kuma tana ba da wake da gyaɗa da kwaruru. Sai dai abin na neman kuɓuce wa gidajen cikin gari. Uwa ta ba yaro dala biyar ko dala goma zai tafi makaranta, kuɗin su ƙare a kan biskit da alewa da ruwan leda mai launi, waɗanda ba su da komai sai fulawa da sukari da rini, kuma yawancinsu daga ƙetaren iyaka suke zuwa. Takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasar nan bayan 26 ga watan Yulin 2023, wanda ya rufe iyakokin Najeriya da Benin, ya nuna wa kowace uwargida yadda farashin fulawa da sukari da man girki ke iya tashi cikin ƴan makonni. A lokacin, gidan da ya san hanyar sarrafa tiyar wake da tiyar gyaɗa bai rasa abin da zai ba yara tsakanin karin kumallo da tuwon dare ba.

Wake, da beruwar da aka san Arewa da ita

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake irin namu, bayan Najeriya, kuma gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna cikin wuraren da ake ji da su a wannan noma. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne. Akwai kuma wani abu da masana abinci suka tabbatar: irin sinadarin da gero ke da ƙarancinsa wake na da shi da yawa, wanda wake ya gaza a kai kuma gero na cike shi. Saboda haka kunu da ƙosai, ko ɗanwaken da aka haɗa da garin dawa, ya fi gina jiki a kan a ci kowanne shi kaɗai. Manomi ya riga ya haɗa su a kunya ɗaya a gona, saura uwargida ta haɗa su a kwano.

A cikin duk abin da ake yi da wake, beruwa ce tamu ta kanmu. A Yamai, in aka ce beruwa, Dutsi ake tunawa. Aikinta na farko yana da ɗan wuya, amma sau ɗaya ake yin sa a ci watanni. Ana surfe wake a fitar da dusa, a shanya, a kai inji a niƙo gari mai laushi, a tankaɗe. Sai a zuba garin a faffaɗan masaki, a riƙa yayyafa ruwan kanwa ko ruwan toka kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu har ya zama ƙananan ƙwayoyi. Wasu gidajen na ƙara ɗan garin yoɗo ko kuka don ƙwayar ta kama jikinta. Daga nan a dafa, a baza a kan tabarma mai tsabta ko zane ta bushe ƙayau. Launinta na bin irin waken da yawan ruwan tokar da aka sa, shi ya sa za ka ga wata ta yi duhu sosai, wata da haske.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne yawan ruwa. In aka zuba shi lokaci guda garin zai cure ya zama ƙulli, babu sauran maganar ƙwaya. Wuri na biyu shi ne shanya: beruwar da aka kwashe da sauran danshi a cikinta ba ta wuce ƴan kwanaki sai ta yi fumfuna. A gwada ta da haƙori, in ta karye da ƙara ta bushe.

Amfanin duk wannan wahala shi ne ranar da yara suka dawo da yunwa, tukunyar rana ba ta sauka ba. A tafasa ruwa, a zuba beruwa, cikin mintoci kaɗan ta yi laushi. A tsane, a ɗauraye, a sa man gyaɗa da yaji da yankakkiyar albasa, da tumatir in akwai. Saurinta bai gaza na taliyar leda da yara ke kuka a saya musu ba, kuma wanda ya ci kwano ɗaya ba zai sake neman wani abu ba sai dare. Wadda ba ta da lokacin murzawa tana iya sayen busasshiya a hannun matan da ke sana'ar, don ƙungiyoyin mata da dama a yankin suna yin ta a ƙulla a leda.

Ƙosai kowa ya san shi, amma ba kowa ke samun shi ya tashi ba, har wasu suka fara fasa ƙwai a cikin ƙullun. Ba ya buƙata. A jiƙa wake na ƴan mintoci, a surfa a turmi, a wanke dusar tas, a sake jiƙa shi kamar awa ɗaya ko biyu. A markaɗa da albasa da attarugu da ruwa ɗan kaɗan, ƙullun ya fito da kauri. Sirrin yana wurin bugu: a sa muciya ko ludayi a buga shi sosai har ya yi haske ya ƙara yawa, don iskar da ke shiga ita ce ke tayar da shi a cikin mai. A ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya taso sama ya bugu. Gishiri kuma sai za a fara suya ake sa shi, a ɗan abin da za a soya a lokacin, domin in ya daɗe a ciki yana tsinka ƙullun.

Wannan ƙullun dai, in aka sassauta shi da ruwan ɗumi aka zuba mai da gishiri da dakakkiyar daddawa, ya zama alala. Daddawar kalwa ko ta batso tana ba shi ɗanɗanon da wasu ke nema a wurin kifi. Ni dai na fi son a dafa shi a gwangwanin da aka wanke aka shafa wa mai, maimakon a ƙulla a farar leda a jefa a tafasasshen ruwa. Minti arba'in zuwa arba'in da biyar a kan turara ya isa. Ɗanwake ma haka yake da sauƙi: garin wake da na rogo ko dawa, ɗan kuka, ruwan kanwa, a kwaɓa a riƙa jefawa a ruwan zafi, in ya taso ya ɗan ƙara tafasa a kwashe.

Tun da kanwa ta shigo cikin magana sau biyu, ya kamata a tsaya a kanta. Jiharmu ta Dosso ba ta rasa ta ba, ana samun ta a Dallol Bosso kamar yadda ake samun gishiri a Dallol Foga, kuma arahar ta sa hannu ke yin nauyi wajen zubawa. Kanwa na sa wake ya nuna da wuri, ta rage cin itace, amma in ta yi yawa tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken, ta kuma ƙara wa jiki irin sinadarin da ke cikin gishiri, wanda mai hawan jini ke gudu. A jiƙa ɗan guntu a ruwa, a bari ya kwanta, a tsiyayi na sama kawai. In abincin ya fito da ɗaci-ɗaci ko santsi kamar sabulu a harshe, an wuce ƙima.

Sai maganar waken kansa. Daga watanni kaɗan bayan kaka ƙwari ke fara huda shi, kuma wasu ƴan kasuwa na zuba masa maganin ƙwari, wani lokaci ma irin wanda aka yi don feshin gona. Waken da ke warin magani ko yake da wani gari-gari a jikinsa a bar wa mai shi. Wanda zai ajiye na gida kuwa akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, tare da masu bincike na cibiyar INRAN. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Ana ɗaure kowace leda da kyau, ƙwarin su rasa iska su mutu. Jarka mai murfi da aka wanke ta bushe, aka cika ta har baki, ita ma haka take aiki.

Gyaɗa: daɗi da hatsari a ƙwaya ɗaya

Gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muke cewa a nan yamma, kusan rabin nauyinta mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibitoci, wanda aka yi amfani da shi sosai a ƙasar nan lokacin yunwar 2005, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce tushensa, aka ƙara mata garin madara da sukari da mai da bitamin.

Ƙuli-ƙulin gida ba ya buƙatar komai sai ƙarfin hannu. A soya gyaɗa a cikin yashi mai tsabta a kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ɓawon ya fara saki. A murje, a fece, a kai inji ya zama tigadige. A zuba a turmi ko roba, a riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan ana juyawa da muciya. Can za a ga ya haɗe jikinsa mai ya fara tsattsafowa. A ci gaba da matsawa ana tsiyaye man har tunkuza ta yi tauri. A sa gishiri da yaji, ko sukari ga mai son na zaƙi, a mulmula ko a murza shi zobe-zobe, a soya a cikin man da aka fitar. Daga tiya ɗaya an samu abu biyu ke nan, man girki da abin taɓawar da zai yi makonni a kwalba.

In aka daka shi kuma ya zama garin kwaɗo. Kwaɗon zogale, wanda maƙwabtanmu Zabarmawa ke kira kopto, shi ne abincin da zan fara ba duk wanda ya ce ganye ba ya ƙosarwa. A dafa ganyen, kada a bar shi ya yi ta tafasa har ya koma baƙi, a matse, a zuba garin ƙuli da albasa da tumatir da yaji da ɗan mai. A matsa lemun tsami a kai. Ba don ɗanɗano kawai ba: sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin ganye da wake jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi, bitamin C na lemun tsami shi ke taimaka masa. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka mace mai ciki ko mai ƙarancin jini ta ɗan jinkirta shi bayan cin kwaɗo. Rama da tafasa da yakuwa duk hanyarsu ɗaya.

Hatsarin gyaɗa ba a ganin sa da ido sosai. Idan ta sha danshi a gona ko a rumbu, wata irin fumfuna na kama ta ta bar guba da ake kira afalatoksin. Wuta ba ta kashe wannan guba, ko an soya ko an dafa tana nan. Likitoci sun tabbatar da alaƙarta da sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasashenmu, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Abin takaicin shi ne al'adar da ake da ita ta ware kyawawan ƙwayoyi a kai kasuwa, a tara ƙanana da fasassu da masu baƙi-baƙi a ce na ƙuli ne, tun da in an markaɗa babu mai ganewa. To a irin waɗannan ƙwayoyin gubar ta fi taruwa, kuma in an matse mai, yawancinta a cikin tunkuzar take zama. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa yin ƙuli a gida ya fi: ke ce za ki baza gyaɗar a faifai ki tsince. Duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi ɗaci a baki, a zubar. Kada a ba kaji ko awaki ma, don gubar na iya biyowa ta nono.

Na zaƙi

Yaro dai zai nemi zaƙi ko an so ko ba a so ba. Abin da uwa ke iya yi shi ne ta sa zaƙin ya zo tare da wani abu mai amfani.

Dakuwa ita ce ta fi sauƙin sukari, don aya na da zaƙinta. Yawancin ayar da ke kasuwanninmu daga jihar Maraɗi take zuwa, kuma takan zo da tsakuwa, saboda haka a rege ta da kyau kafin komai, in ba haka ba haƙori zai biya. A shanya, a soya sama-sama har ta yi ƙamshi, a niƙa ko a daka a tankaɗe. A haɗa da soyayyar gyaɗa, kamar kofi biyu na garin aya da kofi ɗaya na gyaɗa, da ɗan sukari da ɗan gishiri da citta ko barkono kaɗan. A mayar turmi a yi ta kirɓawa har man gyaɗar ya fito ya haɗe su, a dunƙula. Ba a sa ruwa ko ɗigo, shi ya sa take daɗewa.

Kantun riɗi aikin minti ashirin ne in an riga an wanke riɗin an shanya. A soya shi a busasshiyar tukunya har ya fara tsalle. A wata tukunyar a narkar da sukari a wuta kaɗan, a ɗiga lemun tsami don kada ya koma gari. Da ya zama ruwan zuma-zuma a juye riɗin a gauraya da sauri, kofi biyu na riɗi ga kofi ɗaya na sukari. A zuba a faranti da aka shafa wa mai, a daddanne da kwalba, a yanka tun da zafinsa, don in ya huce sai dai a fasa. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna, a kori yara daga wurin. Gyaɗa mai sukari ma kusan haka take, sai dai ita da ɗanyarta ake farawa, a dafa ta da sukari da ɗan ruwa ana juyawa har ruwan ya ƙone sukarin ya manne mata.

Daji ma na da nasa. Magarya in ta bushe aka daka aka tankaɗe, garinta ake ɗan jiƙawa a danna a ƙoƙo a turara ya zama akuri, wanda babu ko ƙwayar sukari a cikinsa. Garin ƴaƴan kuka, da ke da bitamin C mai yawa, ana dama shi da ruwa da ɗan sukari a ƙulla a sa a firigo, ya fi ƙanƙarar rini nesa ba kusa ba. Ga gawasa da goruba da ɗinya da kanya, kowanne da lokacinsa. Daga kudancin Dallol, wajen Gaya, muruci ke zuwa, wato tsiron giginya, wanda dafawa kawai yake so.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Kantu da zoɓon da aka cika wa sukari suna cikin wannan lissafi, ko da a gida aka yi su.

Kwaruru da awara

Kwaruru amfanin gonar mata ne a yankin nan, kuma ba a ba shi darajar da ta kamace shi. Ɗanyensa a kaka dafawa kawai ake yi da gishiri a cikin kwasfarsa. Busasshe kuma a jiƙa shi ya kwana, a tsane, ya sha iska, a soya a yashi har ya yi ƙaras-ƙaras. Garinsa na yin alala mai kauri wanda ba ya buƙatar surfe ko bugu.

Awara baƙuwa ce da ta zama ƴar gida. Waken suya daga Najeriya da Benin ya fi shigowa, don haka farashinsa na bin halin da iyaka ke ciki. A jiƙa shi ya kwana, a markaɗa, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ruwan da ya fito a ɗora a wuta ya tafasa sosai, kada a yi gaggawa a nan, domin ɗanyen waken suya na da wani sinadari mai hana narkewar abinci wanda zafi ne kawai ke karya shi. Sai a riƙa zuba ruwan tsami, na gasara da ya kwana ko na tsamiya, kaɗan-kaɗan har ya dunƙule ya rabu da ruwa. A kwashe a ƙyalle, a sa albasa da attarugu da gishiri, a ɗaure a ɗora dutse a kai. In ya yi tauri a yanka a soya. Tsoma ta a ruwan ƙwai kafin suya yayi ne na baya-bayan nan, awara ba ta rasa komai in an bar shi. Dusar da ta rage a ƙyalle kuma ta tumaki ce.

Abu biyu ke ɓata duk wannan aiki, mai da ruwa. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, yana kumfa yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya lalace, ƙara masa sabo a kai ba ya gyara shi. A tace mai bayan kowace suya, a rufe, in ya canza launi da wari a haƙura da shi. Kunun aya da zoɓo kuma lafiyarsu na ga ruwan da aka yi su da shi. Zoɓo ana tafasa shi, amma kunun aya ɗanye ne, ga zaƙi, ga zafin garinmu, cikin ƴan awoyi yake juyawa. In babu firigo, ko wutar ba ta tsayawa, a yi daidai wanda za a shanye a yinin, da ruwan da aka tafasa ya huce.

Kada a fahimci wannan bayani a matsayin kira ga a hana yara nono ko ƙwai. Akwai bitamin B12, wanda jini da ƙwaƙwalwa ke buƙata, kuma wake da gyaɗa da ganye ba su da shi. Turawan da suka bar cin kayan dabba ƙwayarsa suke saye a kantin magani su sha. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar yaro daga wata 6 zuwa 23 ya riƙa samun nama ko kifi ko ƙwai kullum, bayan nonon uwa. Abin taɓawa na tsakanin abinci ne, furar da aka dama da nono tana nan a matsayinta. Haka kuma ƙwayar gyaɗa ko kwaruru ko aya ba ta dace da yaron da bai kai shekara huɗu ba, don tana iya sarƙe shi ta bi hanyar numfashi. A daka masa, ko a dama tigadige a cikin kununsa. In kuma aka ga yaro na kumburin leɓe ko fuska, ko jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu bayan cin gyaɗa ko riɗi, a daina ba shi a garzaya asibiti.

Wajen ajiya, kayan sun kasu biyu. Ƙosai da alala da ɗanwake da awara da kwaɗo na yini ɗaya ne, in sun kwana ba firigo a bar su. Ƙuli-ƙuli da kantu da dakuwa da soyayyen kwaruru da busasshiyar beruwa su ne na ajiya, su ne kuma suka dace da jakar ɗan makaranta da guzurin matafiyi. Yammacin Lahadi ɗaya ya isa a yi na mako biyu. A bari su huce sarai kafin a rufe, don tururin da ya maƙale a kwalba shi ke sa ƙuli ya yi laushi, kantu ya yi danƙo. Da rani leda ma ta wadatar, amma daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da iska ke ɗauke da danshi, sai kwalba mai murfin da ke ɗaurewa sosai.